Daga Lil zuwa Andalus da kampin-kar: ya za a yi yara da Hajiya su huta da doguwar hanya?

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne amma a Yamai nike aiki. Yayana yana zaune a Lil, can arewacin Faransa, ya sayi irin motar nan mai ɗaki a ciki da suke ce ma kampin-kar, mai wurin kwanan mutum shida. Ya gayyace mu bakans na bana, sati ukku cikin Agusta, ni da madam da yara ukku (mai shekara 9, mai 5, da ƙaramar mai 2) da Hajiyarmu. Shirinshi shi ne mu sauka Pari ya ɗauke mu zuwa Lil, daga nan mu shiga motar mu duka har da matarshi, mu tahi kudancin Espanya mu ga Garnada da Kurɗuba. Da na duba taswira sai gabana ya faɗi. Yaran nan ko Yamai zuwa Tawa ba su iyawa sai da amai da kuka, Hajiya kuma ƙafafunta na kumbura in ta daɗe zaune. Akwai dabarar da za mu kai can ba tare da wagga doguwar tahiya ba, kuma ban ɓata ma Yaya rai ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara ma Hajiya lahiya, ya raya yara. In na gane ka da kyau ba bakans ɗin kake gudu ba, ba kuma motar kake ƙi ba, abin da ke damunka shi ne kwanakin da za a kashe bisa kwalta kahin a kai inda ake son zuwa. To akwai dabara, kuma ba mai wuya ba ce: mota ta bi hanyarta, iyali su bi tasu, ku haɗu can. Na yi shekaru ina aiki a wurin da ake bada hayar irin motocin nan a kudancin Faransa kahin in dawo gida in kama aikin yankan biye na jirgi, kuma abin da na lura da shi shi ne mutane na ɗauka dole sai an shiga kampin-kar tun daga ƙofar gida sannan bakans ya cika, alhali daɗinta yana wurin kwana da ƙananan tahiye-tahiye ne, ba wurin cin dogon zango ba.

Mu fara da lissahin hanyar

Daga Lil zuwa Garnada ko Malaga, birnin bakin teku da ke kusa da ita, wajen kilomita 2,000 ne. Ka auna da abin da ka sani: Yamai zuwa Tawa wajen 550 ne, Yamai zuwa Diffa bai kai 1,400 ba. Wato abin da Yaya ke shirin yi ya hi Yamai zuwa Diffa da kusan wani Yamai zuwa Tawa a sama, kuma zuwa kawai kenan, ba a yi maganar dawowa ba. Gaskiya ne hanyarsu lafiyayya ce, otorut ce tun daga Lil har Pari, ka kama A10 zuwa Bordo, ka kama A63 zuwa iyakar Espanya a Irun, daga nan Burgos, Madirid, sai A-4 ta gangara da kai Kurɗuba. Babu rami babu jaki bisa hanya. Amma kampin-kar ba ƙaramar mota ba ce, akwati ce doguwa mai kama iska, mai hankali yana tuƙa ta tsakanin 90 da 110, in ka haɗa da tsayawa shan gazwal, da sallah, da abinci, da "Baba zan yi fitsari", matsakaicin gudunku ba zai wuce 70 ko 75 a awa ba. Ka raba 2,000 da wannan ka ga abin da ya hito, awa 27 ko fiye. Babba shi kaɗai zai iya yin shi cikin kwana biyu da rabi zuwa ukku. Da yarinya mai shekara 2 da tsohuwa, in ana son kowa ya isa da mutuncinshi, kilomita 400 zuwa 500 ne a yini, kwana huɗu ko biyat kenan. Zuwa da dawowa kwana takwas zuwa goma sun tahi cikin 21 ɗin da kuke da su.

Ga kuma lokacin da kunka zaɓa. Ƙarshen Yuli da farkon Agusta shi ne lokacin da Faransa duka ke kan hanya, masu dawowa daga bakans na karo da masu tahiya, hukumar da ke lura da cunkoson hanya da suke ce ma Bison Futé har baƙin launi take sa ma wasu ranakun Asabar. Kewayen Bordo a irin ranakun nan za ka iya yin awa guda ko biyu kana jan jiki. Kuma hanyar nan ce dai 'yan Maroko mazauna Turai ke bi su gangara tashar jirgin ruwa ta Aljeziras su tsallaka gida, to wuraren hutawa cike suke maƙil.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba sai sun shiga motar: in tana tahiya ba a kwanciya bisa gado, ba a tashi a dafa shayi, ba a barin yaro ya yi ta yawo a ciki. Doka ta ce kowa ya zauna a kujera mai sentir ya ɗaura. Yaro a Faransa dole sai da kujerar yara ko abin ƙarin tsawo har ya kai shekara 10, a Espanya kuma tsawo suke dubawa, duk wanda bai wuce santimita 135 ba. Wato yaranka ukku duka kusan sai an nemo musu. Kujerun baya kuma benci ne na wurin cin abinci, bayansu a miƙe yake, wasu ma baya suke kallo, motar na rangaji, taga a gefe. Yaron da ke amai cikin kar ɗin Tawa, a nan abin zai ƙaru ne ba raguwa ba.

Mutum takwas cikin motar mutum shida

Wannan ita ce maganar da za ta taimake ka wurin Yaya, don ba ra'ayinka ba ne, takarda ce. Ku takwas ne in na ƙirga daidai: ku shida, su biyu. "Wurin kwanan mutum shida" ba shi ne "wurin zaman mutum shida" ba. Ka roƙe shi ya ɗauko kartegiriz ɗin motar ya duba layin da anka rubuta S.1, lambar da ke nan ita ce yawan mutanen da doka ta yarda a ɗauka har da direba. Da yawa masu gado shida kujera huɗu ko biyat gare su masu sentir, masu shida akwai su, amma takwas ban taɓa bada hayar irinta ba. Jaririya bisa cinyar uwa ba ta wucewa a can, ana ƙirga ta mutum guda. In jandarma sunka tsayar da ku tara ce, in kuma Allah ya kiyaye anka yi hatsari da mutanen da sunka hi ƙa'ida, kamfanin asirans ya samu ƙofar da zai ja rigima.

Sai nauyi. Mai permi B iyakarshi tan 3.5, kuma yawancin motocin nan tun ba a sa komi ba sun kusa tan 3. Abin da ya rage ma mutane da ruwa da gas da kaya sau da yawa kilo 400 ne ko 500. Manya biyat kawai sun cinye mahi yawanshi, tankin ruwa lita 100 kilo 100 ne, sannan ka kawo balis-balis ɗin mutanen da sunka taso daga Yamai da tsarabar 'yan'uwa. Ba zai yiwu ba. (Tunda an zo maganar tsaraba, kilishi da cuku ku bar su gida ko ku cinye cikin jirgi, an hana shiga Tarayyar Turai da nama da kayan nono cikin kayan matahiyi, in duwan sunka gani karɓewa suke.)

Dabarar da nike ba ka

Tun watan Agustan 2023 Air France ta dakatar da zuwa Yamai, to ko ta yaya sai kun sauya jirgi a wani wuri, yawancin masu zuwa wurina ta Kazablanka suke bi da Royal Air Maroc, wasu ta Istanbul da Turkish Airlines. Yanzu buɗe taswirar da ta tsorata ka ka sake dubawa. Jirgin da ya tashi daga Kazablanka zuwa Pari ta saman Espanya yake wucewa. Ma'ana za ku wuce Andalus, wato kudancin Espanya inda Garnada da Kurɗuba suke, ta sama, ku yi wajen awa ukku ku sauka Pari, ku ƙara kilomita 220 zuwa Lil, sannan ku juyo ku yi kwana huɗu ko biyat a mota don ku dawo inda kunka ƙetare cikin 'yan mintoci. Alhali Kazablanka zuwa Malaga bai kai awa biyu ba a jirgi.

Saboda haka ka yanki biye irin wanda ake sauka wani gari a taso daga wani, mu a ajans multi-destinasiyon muke ce mishi: zuwa Yamai, Kazablanka, Malaga, dawowa kuma Pari ko Burusel, Kazablanka, Yamai. Kar ka sayi zuwa daban dawowa daban, ya hi tsada, a biye guda ake haɗa su, kuma sau da yawa bambancinshi da na zuwa da dawowa Pari kaɗan ne. In ranar da kake so babu jirgin Malaga ka duba Madirid, daga nan jirgin ƙasa mai gudu da suke ce ma AVE yana kai ka Kurɗuba cikin ƙasa da awa biyu, Sebiya wajen awa biyu da rabi, layin nan tun 1992 yake aiki, Garnada ma an haɗa ta a 2019. A jirgin ƙasa Hajiya na iya tashi ta miƙe ƙafa, akwai bayan gida, yara na iya motsi.

Shi kuma Yaya sai ya taso daga Lil kwana ukku ko huɗu kahin ku sauka, shi da matarshi, mota ba nauyi, su yi tahiyarsu a natse, su kwana inda sunka ga dama, in matar na tuƙi su riƙa karɓar juna. Irin tahiyar da anka ƙera motar dominta kenan, mutum biyu ba mai kuka a baya. Ya guji Asabar, ya taso Talata ko Laraba. Ran da kunka sauka kun tarar da shi ya kama wuri a kampin (hilin da ake biya a kwana da irin motocin nan) kusa da Malaga, ya cika firigo. Da ka faɗa mishi haka ba ka ƙi gayyatarshi ba, motarshi dai za a shiga, shi ne dai jagora, kawai dai an ɗauke ma Hajiya wahala, kuma ba na jin akwai ɗan da za a ce mishi ƙafar uwarshi ce dalili ya tsaya gardama. Da ni ne kai ma, da madam da matar Yaya zan bari su fara tattauna abin a waya, mata sun hi mu saurin gane abin da kwana biyat da yara cikin akwati guda ke nuhi.

In kun haɗu can tahiye-tahiyen duka gajeru ne. Malaga zuwa Garnada wajen kilomita 125, Malaga zuwa Kurɗuba wajen 160, Kurɗuba zuwa Sebiya wajen 140, awa biyu ke nan ko ƙasa da haka kowane. Matsalar kujeru kuma sai a warware ta da hayar ƙaramar mota a hilin jirgin Malaga, mai wurin mutum biyat, Hajiya da madam da ƙaramar su shiga can inda akwai kilim mai sanyi da kujera mai kwanciya, manyan yaran su bi baffansu a kampin-kar tunda su ne za su hi kowa ɗokinta. Ƙaramar motar za ta yi muku wani amfanin: garuruwan nan tsofaffi ne, lungunansu tun zamanin dawaki, unguwar Albaisin a Garnada ko ƙaramar mota da ƙyar take bi, balle mota mai tsawon mita bakwai. Sai a bar babbar a kampin a shiga gari da ƙaramar ko da bas.

Wurin komawa arewa haka za a sake yi. Ku hau jirgi daga Malaga ko Sebiya zuwa Pari ko Sharlarwa ta Beljik wadda ke kusa da Lil, ƙasa da awa ukku. Jiragen nan masu arha kujerarsu ce ke da arha, balis kuwa kowane sai ka biya, wani lokacin kuɗin kaya ya hi na mutum. To ga inda motar Yaya za ta yi rana: ku loda mata manyan balis ta tahi da su, ku ku hau jirgi da jakar hannu. Matar Yaya ta bi ku ta buɗe muku gida, ko ku ƙara kwana biyu a bakin teku ku ba shi rata. Ku yi sauran kwanakin a Lil, a ga gida, a ga Pari, sannan a kamo hanyar Yamai.

Kuɗin fa?

Kuɗin hanyar motar ba zai canza ba ko kuna ciki ko ba ku ciki. Tana shan wajen lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, wato sama da lita 200 zuwa kawai, ka lissafa yuro 350 zuwa 400 na gazwal, yuro guda kuma sefa 656 ne in an cike. Gazwal ya hi arha a Espanya, Yaya ya sani, kar ya cika tanki kahin iyaka. Peyaj a Faransa kampin-kar aji na biyu take biya in tsayinta bai kai mita 3 ba, in ya kai mita 3 aji na ukku ne, daga Lil zuwa iyaka zai wuce yuro 100 nesa ba kusa ba. A Espanya mahi yawan hanyar kyauta ce in ka wuce yankin Bask da ke bakin iyaka. Abin da tsarina ya ƙara shi ne biye shida na jirgi daga kudu zuwa arewa da hayar ƙaramar mota. Abin da ya rage kuma shi ne kwana takwas zuwa goma na cin abincin bakin otorut ga mutum takwas, da kuɗin kwana a hanya, da mota ta biyu da dole a bi ku da ita tun daga Lil in dai ana son a bi doka, ita ma da nata mai da nata peyaj. In ka zauna da biro ka haɗa za ka ga ba wani babban rata tsakaninsu, kuma kwanakin da ka samu ba su da farashi a takarda. Abu guda: duba ranar haihuwar ƙaramar. Yaron da bai cika shekara 2 ba bisa cinya yake tahiya da kuɗi kaɗan, ran da ya cika sai an saya mishi kujera.

Sauran hanyoyin da mutane ke tambaya

Akwai wanda zai ce to mi ya sa Yaya ma zai wahala, a bar tashi motar a Lil a yi hayar wata a Malaga ko Sebiya. Ana yi, kamfanoni irin Indie Campers da Roadsurfer da McRent na aiki a Espanya, akwai kuma Yescapa inda masu mota ke bada tasu haya. Amma a Agusta babbar mota ka shirya ma yuro 130 zuwa 200 ko fiye kowane dare, ga kosiyon da ake riƙewa a katin banki wanda yakan kai yuro 1,500 zuwa 2,000, kuma da yawansu katin kiredi suke so, katunanmu na nan yawanci na cire abin da ke cikin asusu ne, na sha ganin an tsaya ana jayayya wurin karɓar mota bisa wannan. Ga mai mota a ajiye a gida asara ce, kuma ina jin Yaya motarshi yake son ku gani, ba ta haya ba. Wannan zaɓin na wanda ba shi da ɗan'uwa mai mota ne.

Jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci, ka manta da shi, SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na Faransa, ta rufe nata a ƙarshen 2019, kuma ko lokacin da yake aiki doguwar mota irin wannan ba ta shiga. Jirgin ruwa zuwa arewacin Espanya, Santander da Bilbawo, daga Ingila da Ayalan yake tasowa, Ingila kuma bizarta daban. Na Set ko Marsai a kudancin Faransa zuwa Tanja ta Maroko yana hitar da ku daga yankin Shengen (ƙasashen Turai masu biza guda) gaba ɗaya, wata rigimar biza ce. Ɗora motar bisa kamiyo ko biyan direba ya kai ta, kuɗin ya hi amfanin, sai dai in Yaya ba shi da kwanakin hutu da za su isa. In haka ne gara ya nemi aboki su karɓi juna, abokin ya koma ta jirgi, amma ya tambayi asirans ɗinshi ko sun yarda wani ya kama sitiyari. Kai ma in kana son ka taɓa tuƙi haka ne, kuma ka yi permi na ƙasa da ƙasa tun a Yamai ka haɗa da naka na gida, ƙaramar motar haya ma za su tambaye shi.

Maganar zahi, da maganar kunya

Na san za ka ce mu 'yan Tawa wane zahi za a gwada muna. Haka kowa ke cewa. Amma kwarin Kurɗuba da Sebiya a Yuli da Agusta yakan wuce digiri 40, a watan Agustan 2021 ma an auna sama da 47 a lardin Kurɗuba. A gida in dare ya yi ka jawo tabarma tsakar gida, a can kuwa cikin akwati za ka kwana da mutane, kilim ɗin gaba sai inji na aiki yake yi, na ɗakin kuma ba kowace mota ke da shi ba, mai shi ma sai an jona wutar kampin. Kar a bar yaro ko Hajiya cikin motar a ruhe da rana ko na minti goma. Shi ya sa nike cewa ku kafa sansani bakin teku ko gefen Garnada inda dutsen Siyera Nebada ke sa dare ya yi sanyi, Kurɗuba a je ta da sassahe a dawo. In kuwa Yaya zai iya ɗage hutunshi zuwa Satumba, ku yi haka. Yaranmu na firamare yawanci sai Oktoba suke komawa lakwal, na Turai kuwa tun farkon Satumba sun koma, to kampin sun yi sauƙi, hanya ta buɗe, zahi ya ɗan sauka. Wannan gata ce da muke da ita ba mu amfani da ita.

Maganar kunya kuma ba kowa ke faɗa ba sai an je an rasa yadda za a yi. Cikin motar nan tsakanin gado da gado taku biyu ne, labule ne kawai, bayan gida kuma ƙofarshi ba ta ɓoye komi. Madam ba za ta sake ba ga wan mijinta ga surukarta, matar Yaya ma haka, Hajiya kuma ba za ta hau tsani zuwa gadon sama ba. Tukunyar bayan gidan lita 17 zuwa 19 take ɗauka, mu kuma masu buta ne, mutum takwas cikin yini guda za su cika ta, ruwan tanki ma alwala kaɗai za ta cinye shi. Maganin abin shi ne kampin masu ƙananan ɗakuna na haya, bangalo, yawancin manyan kampin na da su. A kama guda ma Hajiya da madam da ƙaramar, ko ma ku da iyalinka duka, motar ta zama ta Yaya da matarshi da wurin girki da hira, yara maza in sun so su kwana can. Na Agusta tun watanni kahin lokaci suke ƙarewa, wasu kuma sai sati cur suke badawa, a kama da wuri. Kwana a bakin hanya kuma a yi hattara, a Espanya ajiye mota daban ne da kafa zango, da ka hito da kujeru ko ka buɗe rumfa a inda ba a yarda ba, musamman bakin teku, 'yan sanda na iya rubuta ma tara. Butel ɗin gas na Faransa ma ba a musanya shi a Espanya, kansu ba iri guda ba, Yaya ya taho da nashi cike.

Biza da takardu

Ƙa'idar Shengen ita ce ka nemi biza wurin ƙasar da za ka hi daɗewa. In kwana 13 ko 14 za ku yi a Andalus, sati guda a Lil, to Espanya ce, kuma tana da ambasad a Yamai, alhali ta Faransa an ruhe ta tun Janairun 2024. Ka ga tsarin ya sauƙaƙa ma ka ta nan ma, amma ya kasance gaskiya ne abin da ka rubuta, kar a ce Espanya a takarda a je a tare a Lil. Kuɗin biza tun Yunin 2024 yuro 90 ne ga babba, kusan jika 59, yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, ƙasa da 6 kyauta. Asirans na lahiya dole ne, wanda ya kai yuro 30,000. Ana iya ajiye dosiye tun wata shida kahin tahiya, kar ka jira Yuli. Masu duba dosiye adireshi suke son gani na kowane dare, "za mu kwana cikin motar yayana" ba ya gamsar da su, to takardar kama bangalo a kampin ita za ta yi ma aiki, na kwanakin Lil kuma Yaya ya karɓo takardar saukar baƙi daga meri ɗinsu. Kar ka biya biye wanda ba a maida kuɗinshi kahin biza ta hito, a yi ma rezerbasiyon tukuna.

Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Garnada, da tikiti ake shiga mai suna da awa, na rani yana ƙarewa tun da nisa, a saya ta intanet a shahinsu na hukuma, a je da faspo. Tahiyar ƙafa gare ta da hawa da sauka, a yi ma Hajiya tanadi. Babban masallacin Kurɗuba da anka fara ginawa wajen 785 ya koma coci tun 1236, ana shiga a gani amma ba a barin kowa ya yi sallah a ciki, ka faɗa ma Hajiya tun a gida kar abin ya zo mata ba zata. In Juma'a ta same ku a Garnada akwai masallaci a Albaisin da anka buɗe a 2003, daga harabarshi ana hangen Alhambra.

Ni ban ga motar ba, duk abin da na faɗa bisa kujeru da nauyi kartegiriz ce za ta yanke hukunci, farashi da ranakun jirage kuma suna sauyawa, ran da za ka biya ka sake dubawa. Ƙafar Hajiya ba aikina ba ne, aikin likita ne. Kumburi ga mai daɗewa zaune abu ne da ake dubawa kahin a hau jirgi ma, tunda Yamai zuwa Kazablanka kanta wajen awa ukku da rabi ce zuwa huɗu, ga jiran canjin jirgi. A kai ta a auna ta, a tambaya ko tana bukatar safar nan mai matse ƙafa, magungunanta su kasance cikin jakar hannu tare da ordonans, kuma lokacin yankan biye ka ce a sa mata taimakon keken guragu a Yamai da Kazablanka da Malaga, kyauta ne, amma sai an nema aƙalla kwana biyu kahin tashi.